Tsinken Farko

Ni tela ce, ba malama ba, kuma ban taɓa roƙon kowa ya ba ni ɗa in koyar ba. Abin da ya ja mini shi ne na yi lekol, wato makarantar boko, har aji shida, saboda haka a gidan ƙanena da ke Garwa duk takardar da ta shigo da Faransanci ni ake miƙo wa, ta asibiti ce ko ta wuta. Da aka sa babbar 'yarsa a makaranta, ita ma aka miƙo mini.

Na dawo gidan ne bayan rasuwar mijina, da keken ɗinki da akwati ɗaya. Allah bai ba ni haihuwa ba. Ƙanen nawa ɗan kasuwa ne, rabin wata yana Garwa, rabi yana Kuseri wajen sarin atamfa da turare. Matarsa tana soya fanke a ƙofar gida, wanda a nan ake kira makala, tun gari bai gama wayewa ba. 'Ya'yansu huɗu. Babbar, wadda nake ba da labarinta, shekararta takwas a lokacin, siririya, ba ta da surutu, ga manyan idanu da take zuba wa mutum har ya rasa abin cewa. A ɗakina take kwana. Ni suna kirana Goggo, uwarsu kuma Dada, yadda yaran unguwa suke yi da Fulatanci.

A shekarar tana maimaita aji biyu. Karatunta na Faransanci dama-dama ne, tana lallaɓawa. Lissafin tarawa kuwa ta haddace shi tsaf, don waƙa ake yi da shi a aji, a yi ta rerawa har ya shiga kan wanda ma yake wucewa ta bayan taga. Inda ta maƙale shi ne ɗebewa. Bakwai a ɗebe uku, ta ce uku. Biyar a ɗebe biyu, ta ce biyu. Tara a ɗebe huɗu, huɗu. Kullum da ɗaya take kasawa, ba ta taɓa zarcewa ba.

Na je makarantar sau ɗaya don in ji ta bakin malamarsu, metires. Ban ga laifin matar nan ba, wallahi. Yara sun cika benci sun malalo ƙasa har bakin ƙofa, ita kaɗai a tsaye da bulala a hannu, muryarta ta dushe. Kowa ya rubuta amsa a ɗan allonsa, ta buga tebur, a ɗaga alluna sama, ta duba daga inda take. Wa zai ga yadda yatsan yaro ɗaya yake tafiya a cikin wannan taro? Ta ce mini kan yarinyar ne da tauri, in dinga yi mata bita a gida. Na ce to, na gode, na hau moto, wato babur ɗin haya, na dawo.

Kowane yaro yana zuwa aji da ɗaurin tsinkaye na ƙirga. Nata ni na yanka mata daga tsintsiyar kwakwa, na daidaita tsawonsu da almakashi, na ɗaure da ƙyallen atamfa. Bayan la'asar nakan jawo kekena ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ita ta zauna a tabarma kusa da ƙafata. Ina taka keke ina jefa mata tambaya, ba na ko dubanta, don ɗinkin mutane ba ya jira. Ta jera tsinkaye, ta ɗebe, ta faɗi amsa, in ce ba haka ba ne, sake. Ta sake, ta faɗi ta ɗazu. Ga bazarar Garwa, wadda duk wanda ya zauna a garin ya san ta. Kogin Binuwai ya janye ya bar rairayi, iska ba ta motsi, ƙarfen keke ya yi zafi har ba ya taɓuwa. Bayana yana ciwo, idona yana yaji saboda zura zare. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi alkawarin ɗinka mata riga mai fuka-fuki. Duk a banza.

Ana saura mako uku kompozisiyo, wato jarrabawar ƙarshen shekara, ubanta ya dawo daga Kuseri. Ya same ni a gindin bishiyar, ya jawo kujera ya zauna, ya kori yara. Da na ga ya cire hula ya ɗora a gwiwa na san magana ce.

"Yaya," in ji shi, "shekara biyu ke nan tana aji guda. In ta sake faɗuwa, zan kai wa Inna ita."

Inna mahaifiyarmu ce. Tana wani ƙauye bayan Banyo, inda mota ba ta shiga sai moto, idonta kuma ya yi rauni. Tun da aka yaye yarinyar take neman a kawo mata ita, kamar yadda aka saba, 'yar fari ta kaka ce. Duk kiran waya sai ta tambaya yaushe za a kawo mata ƙawarta. Makaranta ce kaɗai hujjar da muke riƙe da ita.

"A can akwai lekol?" na ce masa.

"Kin fi ni sani."

"To don me za ka kai ta?"

"Don bakina ya ƙare, Yaya. Ina ta cewa lekol, lekol. Rannan Inna ta ce mini, wannan lekol ɗin da ba a wuce aji, gara ta zo ta riƙa mini sanda. Me zan ce mata? Ke kira ta ki faɗa mata."

Ban kira ta ba. Shi ma ya san ba zan kira ba. Ni a gidansa nake zaune, uwar kuma tamu ce mu biyu, ba wanda zai iya ce mata a'a sau biyu a kan abu ɗaya. Ya mayar da hularsa ya tashi, ni kuma na ci gaba da ɗinki, sai da na gama hannun riga na ga a baibai na haɗa shi.

Washegari na rufe keke da zane. Na ce yau ko mai biki ya zo ya yi kuka ba zan taɓa allura ba. Na sauko tabarma, gwiwoyina suna ƙara, na zauna daf da ita.

"Jera bakwai."

Ta zaro su daga ɗauri ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa, ta jera. Bakwai cif.

"Ɗebe uku."

Ta ɗebe uku daga ƙarshen layi ta ajiye gefe. Daidai.

"Saura nawa?"

Ta miƙa yatsa. Na zuba ido. Yatsan ya zo kan tsinken farko, bai sauka ba, ya ɗan yi sama ya tsallake shi, ya sauka a kan na biyu. "Ɗaya, biyu, uku."

"Ke! Wannan fa?" na nuna na farkon. "Shi ba tsinke ba ne? Aljani ne?"

Ta dube ni da idanun nan, kamar ni ce ban san abin da kowa ya sani ba.

"Goggo, ai na fari ba a ƙirga shi."

Ban tambaye ta wa ya gaya mata ba. Ba wanda ya gaya mata, gani ta yi. Ni ma na gani kullum, shekara da shekaru, ban taɓa kawo shi a raina ba. Kowace safiya, kafin ta fitar da makala ƙofar gida, uwarsu takan jera yaran a bakin madafi bisa girmansu don ta raba musu nasu. Hannunta yakan wuce ta saman kan babbar, ya dafa na biye, ta ce ɗaya, biyu, uku, ta ba kowa bibbiyu a hannu. Sa'annan ta turo mini kwano ba tare da ta waiwaya ba, ta ce, "Yaya, ba 'yarki." In baƙuwa ta tambaye ta yara nawa yanzu, ta ce uku, baƙuwar ta yi murmushi ta ƙara ɗaya a zuci. Kunyar ɗan fari ke nan. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a sa shi cikin ƙirge. Kowa ya san wannan, babba yakan ƙara ɗayan da kansa. Yarinyar ce ba wanda ya gaya wa ana ƙarawa.

Ni ma 'yar fari ce. Gashina ya fara fari, amma har yau Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, a waya "ke" take ce mini. Ban taɓa jin haushi ba, don na san yadda take ɓoye mini man shanu in zan dawo. Amma ran nan a kan tabarma na ji wata irin gajiya ta sauko mini tun daga wuya, wadda ba ta keke ba ce.

Na kama yatsan nata na danna shi a kan tsinken farko. "Wannan ɗaya ne. Faɗi."

"Ɗaya."

"A lekol kowa ana ƙirga shi. Tsinke ba shi da uwa, ba wanda yake jin kunyarsa. Kin ji ko?"

Ta yi dariya, abin da ba ta cika yi ba. Muka sake. Bakwai a ɗebe uku, huɗu. Biyar a ɗebe biyu, uku. Har magariba ba ta kuskure ko ɗaya ba. Na ce alhamdu lillahi, ashe abin bai kai ya kawo ba, na ba ta guntun atamfa ta yi wa 'yar tsanarta zane.

Kwana biyu na koma kan keke ina jefa mata tambaya kamar da. Sai ga uku ta dawo a wurin huɗu. In ina kallonta daidai take yi, in na kau da kai yatsan ya koma tsallake. Da yamma in gyara, da safe a bakin madafi a warware mini. Ni sau ɗaya take ji daga bakina, wancan kuwa tun tana rarrafe take gani.

Saboda haka na tashi da sassafe na sami uwarta tana kwaɓa fulawa, yara ba su farka ba. Na gaya mata duk abin da na gani. Ta saurara, hannunta bai tsaya ba.

"Abu ɗaya nake so," na ce. "In kin jera su yau, ki fara da ita. Ki dafa kanta ki ce ɗaya. Shi ke nan."

"Haba Yaya."

"Haba me? Ba kowa a tsakar gidan nan sai ni da kaji."

"A gidanmu ba a yi ba. Dadata ba ta yi wa yayana ba har ta koma ga Allah. So kike in zama marar kunya da girmana?"

"So nake 'yarki ta wuce aji."

"'Yarki dai," ta gyara mini, a hankali.

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce mata ni ban yi naƙudar kowa ba, ban ɗauki cikin kowa wata tara ba, kuma in aka ɗora yarinyar nan a mota zuwa Banyo ba cikina ne zai yi ciwo ba. Na faɗi maganganu da yawa, har da waɗanda ba a faɗa wa matar ƙane. Ba ta rama ba. Ita dama ba mai ramawa ba ce, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ta zuba mai a kasko, ta gyara itace, ta ce, "Bakina ba zai iya ba, Yaya. Ba ƙi na yi ba."

Kada wani ya ɗauka ba ta son yarinyar. Makalar da take turo mini a kwano kullum su ne manya, waɗanda suka fi soyuwa. In yarinyar ta fita makaranta, takan tsaya bayan labulen zaure tana leƙe har ta sha kwana. Ran da zazzaɓi ya kama ta, ni na riƙe ta, uwar tana bakin ƙofa a tsaye, ba ta shigo ba, ba ta kuma tafi ba.

Ranar kompozisiyon lissafi na yi wa yarinyar wanka da kaina, na ɗaure mata tsinkayenta da sabon ƙyalle. Aka jeru a bakin madafi. Ina tsaye riƙe da buta ina kallo. Hannun uwar ya taso, ya zo saman kan yarinyar, ya tsaya. Wallahi ya tsaya. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana jira. Sai hannun ya wuce, ya dafa na biye.

"Ɗaya, biyu, uku. Yaya, ba 'yarki."

Na karɓi kwanon na miƙa wa yarinyar. A hanya na yi ta nanata mata, tsinke ba shi da uwa, ki fara da na fari, ta yi ta gyaɗa kai. A ƙofar makaranta na tofa mata addu'a na dawo.

Da azahar ta shigo, ta ajiye jaka, ta sha ruwa a randa. Na bar ta ta huce kafin in tambaya.

"Yaya aka yi?"

"Tambaya ta farko da ta biyu na yi yadda kika ce."

"Sauran fa?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin rigarta.

"Magana nake miki."

"Metires ta zo ta tsaya a kaina, Goggo. Tana kallon hannuna."

"To sai me? Ai aikinta ne."

"Na ji kunya in ƙirga shi a gaban babba."

Faɗan me zan yi mata? Yarinya ta yi ladabi irin wanda ta gani a gida. Na ce ta je ta ci abinci, na koma kan keke na yi ta takawa, ban san ma me nake ɗinkawa ba.

Da sakamako ya fito, kaɗan ya hana ta. Na koma wurin metires na yi mata bayani tun daga makala har tsinke. Ita mutuniyar kudu ce, ta saurare ni da haƙuri, ta riƙe haɓa, ta ce ba ta taɓa jin irin wannan ba. Ta ce da ta sani tun farkon shekara da ta san yadda za ta yi, amma yanzu takardu sun wuce ofis. Na roƙi ƙanena ya ƙara mata shekara ɗaya, tunda yanzu an san ciwon. Ya ce ya riga ya gaya wa Inna, har ta sa an share ɗaki.

Ruwan farko ya sauka, aka ce gara a tafi kafin hanyar Tibati, wadda ake bi zuwa Banyo, ta lalace. Uwar ce ta haɗa kayan da kanta, ta wanke, ta goge, ta sa sabulu da man shafawa da sabon takalmi, ta ɗaure a zane ta kawo ɗakina. "Ga na 'yarki." Ni kuma na ɗinka rigar nan mai fuka-fuki, ko da ba a cika sharaɗi ba. Ranar tafiya uwar ba ta raka ba, ba a yi. Yarinyar ta durƙusa a ƙofar madafi ta ce, "Dada, na tafi." Daga ciki aka ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ni na raka su tasha, ita da ubanta. Ta zauna gefen taga da jakarta ta makaranta a cinya, allon da tsinkayen suna ciki, don ta ƙi yarda a bar su. Motar ta daɗe ba ta cika ba, na tsaya a rana har ƙafafuna suka kumbura, muna kallon juna ta gilashi.

Washegari na fito da buta kamar kullum. Yara uku suna jere a bakin madafi, sun bar wurin yayarsu a farkon layi don haka suka saba tsayawa. Uwar ta ɗauko kwanon rabo. Hannunta ya taso, ya bi ta saman wurin da ba kowa, ya dafa na biye.

"Ɗaya, biyu, uku."

Ta ba kowa bibbiyu, suka watse. Ta turo mini kwanon ba ta waiwaya ba, ta ce, "Yaya, ba..." sai ta tsaya. Manyan makala biyu suna ciki, waɗanda suka fi soyuwa.

Ƙaramar cikinsu ta dawo da gudu ta miƙa hannu za ta ɗauka. Uwar ta buge hannun, ita da ban taɓa ganin ta bugi yaro a kan abinci ba. Ta jawo faifai ta rufe kwanon. Mai yana ta ƙonewa a kasko, masu saye sun fara sallama a ƙofar gida, ba ta amsa ba.

"Yaya," ta ce, "ke da kika yi lekol. Huɗu a ɗebe ɗaya, saura nawa?"

"Uku."

"To ai jiya ma uku na ƙirga."

Ta zauna a kan turmi, ta ja bakin zane ta rufe fuskarta. Na ajiye butar, na sauke kaskon daga wuta, na fita na ce wa mutane yau babu makala.